Feret ɗinmu ɗaya yana jinyar ajali: me kuka yi wa wanda ya rage?

Maman yara, Leeds, Ingila

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa kiwon feret, musamman wanda ɗaya ya taɓa mutuwa a hannunsa ya bar ɗaya. Ga mutanen gida da ba su san dabbar ba, 'yar doguwa ce mai gajerun ƙafafu, dangin bodari. Turawa sun daɗe suna kiwonta don koro zomo daga rami, yanzu kuma ta zama dabbar cikin gida. Ba ta jure zafi ko kaɗan, da ya kai wajen digiri 30 ranta na cikin haɗari, shi ya sa ba a ganinta a wajenmu.

Namu maza ne biyu, Gawayi da Alli, ciki ɗaya. Suna ƙanana muka karɓo su, yanzu sun haura shekara shida, kuma ba su taɓa kwana a rabe ba. Lilo biyu muka rataya musu a keji, amma ɗaya suke shiga, su cure wuri guda har ba ka gane kan wane ne, jelar wane ce. Watannin baya Gawayi ya fara ramewa, muka ji kaluluwa a wuyansa da bayan gwiwarsa. Likita ta ɗauki samfur ta ce limfoma ce, sankarar kaluluwa. An ɗora shi kan prednisolone ya ɗan farfaɗo, yanzu kuma maganin ya daina kamawa. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce makonni suka rage, kuma mu fara tunanin allurar da za ta hutar da shi idan numfashi ya fara yi masa wuya.

Na Gawayi na sallama wa Allah. Alli ne yake hana ni barci. Tun yanzu ya rage wasa, sai ya kwanta jikin ɗan'uwansa yana lasar masa kunne. Shin in fara raba su tun yanzu don ya saba? Idan abin ya faru, a nuna masa gawar ko a ɓoye? A nemo masa sabon aboki nan da nan? Sannan maganar allurar nan tana min nauyi a zuciya ta fuskar addini.

Baba mai ritaya, Columbus, Amurka

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ku haƙuri ke da yaran. Kada ki raba su. Wanda ke jinya yana samun ɗumi da natsuwa a jikin ɗan'uwansa, mai lafiyar kuma da hancinsa yake bin yadda jikin ke sauyawa, a hankali yana sabawa. In kin raba su, kin ɗora masa kewa sau biyu ke nan. Lokacin cin abinci kaɗai za ki ware su, don ki san wa ya ci wa bai ci ba.

Ina kiwon su tun yarana suna firamare, ga shi yau har da jikoki, don haka na ga abin ta fuska biyu. Na farko wani namiji ne da muke kira Dogo, a asibiti ya mutu cikin dare bayan tiyata, ba a dawo da shi gida ba. Matarsa Gyaɗa ta shiga nema. Ƙarƙashin kujera, bayan firji, cikin durowar da yake ɓoye safar da ya sato, ko'ina sai ta leƙa, ta dawo ta sake zagayawa. Daga nan ta je bakin ƙofa ta yi ta tono. Ɗan kukan nan da suke yi na murna idan suna tsalle, mai kama da na kaza, ya ɗauke ɗif. Makonni aka yi a haka, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta.

Da aka sake yin mutuwa bayan wasu shekaru, sai na ce da likita ya naɗe min gawar a tawul in kai gida. Na shimfiɗa ta a ƙasa na buɗe keji. Wanda ya rage ya zo ya shinshina daga kai har jela, ya tura shi da hanci, ya kama shi a wuya yana ƙoƙarin ja zuwa makwancinsu. Da ya ga ba motsi sai ya kwanta kusa da shi na ɗan lokaci, daga baya ya tashi da kansa ya tafi. Ya yi kewa, ya rage ci, amma yawon neman nan mai karya zuciya bai yi shi ba. Tun daga ranar haka nake yi.

Abu biyu za ki kiyaye. In allura aka yi, maganin yana nan a jikin gawar kuma guba ne, saboda haka ki tsaya a kansu, shinshina da lasar gashi ba komai, amma ban da cizo. Sannan in cuta mai yaɗuwa ce ta kashe dabba, ba a yin haka sai da izinin likita. Likitoci da yawa ma suna yarda ki zo da ɗayan asibiti ranar, ki tambaya. Bargon da suke kwana a kai kuma kada ki yi gaggawar wankewa, ki bar warin ya tafi da kansa.

Malam, Zariya

Hajiya, ni ban taɓa ganin wannan dabba ido da ido ba, amma ina kiwon tattabaru tun ina yaro. Duk mai tattabara ya san idan shaho ya ɗauke namiji, macen kan zauna bakin ɗaki ta takure, ka watsa gero ba ta sauko ba. Don haka kada wani ya ce miki wai dabba ba ta san rashi ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a wata tafiya, ta zo tana ta shawagi a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su.

Batun allura kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan irinsa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an fid da tsammanin rayuwarta, domin a hutar da ita. In likita mai amana ta tabbatar ba warkewa, sai wahala, to ki natsu. Yaran kuma kada a yi musu dariya in sun yi kuka. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, ɗan tsuntsunsa ya mutu yana baƙin ciki, Annabi da kansa ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun yana lallashinsa.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi, Hanover, Jamus

Anti, sannu. Abin da Baba ya faɗa haka muke ba mutane shawara a wurin aikinmu. Ni kuma zan tsaya a kan abin da ya fi ba ni tsoro, wato ciki. Feret nama zalla yake ci, hanjinsa gajere ne, abinci kan ratsa shi cikin sa'a 3 zuwa 4. Dabbar da ke haka ba ta da ajiyar da za ta yi zaman makoki da yunwa. Kare zai iya yini biyu yana ƙin abinci ya tashi lafiya, feret mai shekara shida ba zai iya ba. In Alli ya yi sa'a 12 bai sa komai a baki ba, ki kira asibiti, kada ki jira wayewar gari na biyu.

Nawa na gida mace ce, 'yar'uwarta ta mutu da ciwon zuciya. Bayan 'yan kwanaki na ji tana gurza haƙora idan ta matso kusa da kwano, ta shinshina ta juya. Sai kashinta ya koma baƙi mai danƙo kamar kwalta. Gyambon ciki ne. Kusan duk feret yana ɗauke da wata ƙwayar cuta a tumbinsa mai suna Helicobacter mustelae, tana zaune lafiya har sai damuwa ta raunana jiki, sannan ta tashi. Baƙin kashin nan jini ne da ya narke. An ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta da sucralfate mai lulluɓe gyambon, ta warke. Da an bar ta a kan cewa kewa ce kawai, da ta bi 'yar'uwarta.

Abu na biyu shi ne insulinoma, ƙari ne da ke fitowa a gaɓar da ke samar da insulin, yana zubar da sukarin jini. Ya yi yawa ƙwarai a feret da suka wuce shekara uku zuwa huɗu. Alamominsa kuwa sak na mai baƙin ciki: yawan barci, zama shiru ido a kafe wuri ɗaya, ƙin wasa. Abin da ke bambanta su shi ne dalalar yawu, sosa baki da ƙafar gaba, da ƙafafun baya su riƙa sulɓewa. Sau da yawa ciwon yana nan tun da, hankalin gida ne duk ya koma kan mai jinya, sai rashin ci ya fito da shi fili. Shawarata, ranar da za ki koma da Gawayi ki tafi da Alli a duba sukarinsa tun yana ci da kyau. Ɗigon jini ɗaya ne. In ya yi ƙasa da 70 a awon miligiram bayan ɗan azumi na sa'o'i kaɗan, akwai abin bincike.

Ki fara koya masa romon kaza tun yau, kafin ranar buƙata, domin suna da taurin kai a kan abincin da ba su saba da shi tun ƙuruciya ba. Ki dafa cinyar kaza da fatarta da kitsenta, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa don suna cutar da su. Ki zare ƙashi, ki markaɗa a bilenda da ruwan dahuwar har ya yi laushi, ki ba shi da ɗumi a kan yatsa. Da yawa sukan ƙi kwano amma su lashi yatsan mai su. In ta kai ga sirinji, ta gefen baki ake sawa a hankali don kada ya shaƙe. Kuma don Allah a gaya wa yara, ban da dabino, ban da zabibi, ban da madara, ko da da niyyar lallashi ne. Zuma amfaninta ɗaya: in sukari ya faɗi ya sume, a shafa kaɗan a dasashi, ba a ɗura masa, sai a garzaya asibiti.

Ki sa sikelin kicin kusa da keji. Kullum da safe ki saka shi a roba ki auna ki rubuta. Ido yana ruɗi saboda gashi, kuma nauyinsu kan hau da kaka ya sauka da bazara. Amma in ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa cikin ɗan lokaci, wannan ba na yanayi ba ne.

Ɗalibi, Glasgow

Baba, a gafarce ni, ni nawa bai yi kamar naka ba. Na nuna masa gawar, ya shinshina sau ɗaya ya wuce abinsa ya shiga bututun wasa. Har na ji wani iri a raina. Sai bayan kwanaki abin ya sauko masa, ya daina fitowa daga lilo, in na ɗauke shi sai ya lafe a hannuna, shi da ba ya zama wuri ɗaya. Na faɗa ne don Anti ta sani, kada ta ga ya yi ko oho ranar farko ta ɗauka ya wuce. Abin da ya taimake mu, na mai da kejin kusa da teburin karatuna, ina kuma saka shi cikin aljihun gaban rigar sanyi ina karatu yana barci.

Baba mai ritaya, Columbus, Amurka

Gaskiyarka ɗana, kowanne da halinsa. Na taɓa yin mai irin wannan ma.

Maman yara, Leeds, Ingila

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, maganarka ta sauke min nauyi. Gawayi ya tafi ranar Talata. Numfashinsa ya fara sama-sama, likita ta ce ƙari ne ya cika masa ƙirji, muka amince aka yi allurar. Mun je da Alli kamar yadda Baba ya ce, aka bar mu a ɗaki mu kaɗai. Ya zagaya shi, ya lashi fuskarsa, ya cusa kai ƙarƙashin haɓarsa yadda suke yi in za su yi barci. Babbar 'yata ta kasa tsayawa ta fita.

Sun tambaye mu ko a ƙona gawar, muka ce a'a. A nan an yarda mutum ya binne dabbarsa a lambun gidan da ya mallaka, sai maigidan ya haƙa rami mai zurfi ya ɗora dutse a kai saboda yanyawa da ke yawo da dare.

An auna sukarin Alli, lafiya lau, alhamdu lillahi. Busasshen abincinsa dai ya ƙi, amma romon yana lasa a yatsana, kuma ƙwaiduwa ma ya ɗan taɓa. Yana kwana cikin tsohuwar rigar da Gawayi ya fi so. Yanzu yaran sun matsa a sayo ƙarami, wai kaɗaici zai kashe shi. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

'Yar sa-kai a gidan ceton dabbobi, Manchester

Yaya, Allah ya ƙara haƙuri. Zuciyarki ta gaya miki daidai, kada a sayo jariri yanzu. A wurin da nake taimakawa duk ƙarshen mako, wannan ne abin da ya fi dawo mana da dabbobi. Jaririn feret ba ya gajiya, cizo da kokawa ne wasansa, shi kuwa mai shekara shida yana barcin sa'a 16 zuwa 18 a rana, ga rashi, ga rashin ci. Sai ya zama an ƙara masa damuwa a daidai lokacin da gyambon da 'yar'uwa ta Hanover ta faɗa yake jiran dalili.

Akwai kuma gudawar nan kore mai yauƙi, wadda wata ƙwayar korona ta feret ke kawowa. A Amurka aka fara gane ta a 1993. Ƙananan sukan ɗauke ta ba tare da sun nuna alama sosai ba, tsofaffin gida ne take kwantarwa. Na ga an kawo mana tsoho a galabaice kwanaki kaɗan bayan an shigo masa da jariri daga kanti. Shi ya sa duk sabon zuwa ake killace shi aƙalla mako biyu a wani ɗaki daban, da kwanonsa daban, a wanke hannu tsakani, a kuma tabbatar an yi masa rigakafin distemfa, cutar karnukan nan da kusan ba feret ɗin da ke tsira daga gare ta.

Ki bari Alli ya koma cin abincinsa da kansa, nauyinsa ya tsaya. In kin ga har yanzu yana neman jiki, ki kawo shi irin wurinmu ya zaɓa da kansa. Yawancin gidajen ceto suna yin haka: a haɗa shi da sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya a wurin da ba na kowa ba, a ga wanda jininsu ya haɗu. Ni nawa tsohon ya ƙi maza biyu, ya yi ta huci, sai wata tsohuwa mai saɓulen gashi a jela saboda ciwon adirenal ('yar gaɓar da ke kusa da ƙoda), wadda aka dasa wa maganin deslorelin a ƙarƙashin fata. Ba wanda yake son ɗaukarta. Ita ya bi ya kwanta a bayanta. Kafin a haɗa su keji ɗaya sai na riƙa musanya musu barguna don kowa ya saba da warin ɗan'uwansa. Kama wuya da ja a ƙasa al'adarsu ce ta sanin babba, kada ya firgita ki. Inda ake raba su shi ne in an ga jini, ko ƙara mai tsanani, ko ɗaya ya saki kashi don tsoro.

Uwar gida, Houston, Amurka

Ni kuma ban ƙara ba sam, kuma ban yi nadama ba. Tawa ta kusa shekara bakwai lokacin da abokinta ya mutu. Na yi lissafi, in na kawo wani, ita za ta riga shi, shi ma ya zauna cikin kewa, in sake nemo masa wani, abin ba ƙarshe. Na kai ta gidan ceto sau ɗaya, duk wanda ya matso sai ta kai masa cizo na gaske. Na gane ɗan'uwanta take so, ba kowane feret ba.

To amma wanda ya zaɓi wannan hanya ya san shi ne ya zama abokin. Na fito da kejinta daga ɗakin baya zuwa falo inda take jin motsinmu. Safe da yamma, lokacin da suka fi kuzari, sai in zauna a ƙasa in ja mata tawul ta hau, in ɓoye 'yan gutsattsarin nama a kwali cike da takarda ta tono. Lokutan abinci da na fita wasa ban taɓa sauya su ba, wannan na lura yana kwantar musu da hankali fiye da sabon kayan wasa. Na kuma saka mata 'yar tsana mai laushi a lilo, mara idon roba ko soso da za ta iya haɗiya, domin toshewar hanji na kashe su. Ita take runguma ta yi barci. Wajen wata biyu aka yi kafin na sake jin kukan murnar nan da Baba ya ambata. Ta ƙara fiye da shekara a tare da mu.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi, Hanover, Jamus

Anti, Allah ya ba da haƙuri, kuma na ji daɗin sakamakon sukarin. A sake aunawa nan da wata shida ko da bai nuna komai ba. Ki ci gaba da romon sau da yawa a yini, kaɗan kaɗan, kina jiƙa busasshen abincin kina cuɗawa a ciki, kullum ki ƙara yawansa har ya koma kansa.

Tunda sanyi ya shigo kuma yara za su so su yi ta rungumarsa, ga abin kiyayewa. Feret yana kamuwa da infuluwenzar mutane kai tsaye, har ma ta hanyarsa ne masana a Landan suka fara ware ƙwayar cutar a 1933. Koronar mutane ma tana kama shi. Mura kan toshe masa hanci, kuma in bai ji ƙamshin abinci ba ba zai ci ba, shi da ma da kyar yake ci. Duk wanda ke atishawa ko zazzaɓi a gidan ya haƙura da ɗaukarsa har ya warke, wani mai lafiya ya karɓi aikin ba shi romon.